Me ya sa motata take ɓacewa daga taswirar APRS?

Tambaya: Ina da lasisin rediyon 'yan sha'awa, kuma na haɗa GPS da rediyon motata. A cikin gari ina ganin kaina a taswirar aprs.fi, amma da na yi nisa sai layin ya yanke, ba ya sake ɓullowa sai bayan tafiya mai tsawo. Rediyon ne ya lalace, ko in ƙara yawan maimaita saƙon?

Amsa: Malam, da wuya a ce laifin rediyonka ne. Yana ta magana, mai kai labarin intanet ne babu a wurin.

Ga yadda APRS yake, wato tsarin da masu rediyon sha'awa ke aika wurin da suke da gajerun saƙonni ta iska. Rediyonka ba ya taɓa intanet ko kaɗan. Yakan karɓi wurin da kake daga GPS, ya ɗaure shi da lambar kiranka ta lasisin rediyo, ya harba cikin iska a saurin baud 1200 (ma'aunin saurin aika bayanai). Idan ka saurara da kunne, wata 'yar ƙara ce "birrrip" da ba ta wuce daƙiƙa ɗaya ba. A Turai da yawancin Afirka ana harbawa a megahaz 144.800, a Arewacin Amurka kuma 144.390. Daga nan saƙon yana buƙatar tashar maimaitawa wadda za ta ji shi ta sake harbawa daga tudu ko dogon gini, ko kuma iGate, wato ƙofar intanet, wadda ke ɗaukar abin da ta ji ta zuba a cibiyar APRS-IS. Daga wannan cibiya taswirar take ɗiba. Ko tashoshi goma sun maimaita saƙonka, in babu ƙofa ɗaya da ta ji shi, a iska zai ƙare.

Kafin ka zargi kowa, buɗe shafin ɗanyen saƙonninka a aprs.fi. A kowane layi, kafin ainihin saƙon, akwai alamar qAR ko qAO, sannan lambar ƙofar da ta shigar da kai intanet. Duba wadda ta ji ka ta ƙarshe kafin yankewar, da wadda ta fara jin ka bayanta. Tsakaninsu ne giɓin yake.

Batun ƙara maimaitawa kuwa, ban ba ka shawara ba. Kowa a zango ɗaya yake, kuma in saƙo biyu suka yi karo, sau da yawa duka biyun ke lalacewa. A saitin da ke nuna sau nawa tashoshi za su maimaita saƙonka, WIDE1-1,WIDE2-1, wato sau biyu, ya ishi mota. Wanda ya sa WIDE3-3, wato sau uku, yana harbawa kowane daƙiƙa goma, toshe wa maƙwabta hanya kawai yake yi. Marigayi Bob Bruninga, mai lambar WB4APR, wanda ya ƙirƙiro tsarin kuma ya rasu a 2022, ya sha nanata cewa ba don bin sawun mota kaɗai aka yi shi ba, don 'yan yanki ɗaya su san abin da ke gudana a kusa da su ne. Gara ka kunna tsarin da ke harbawa idan ka sha kwana ko ka ƙara gudu, ya lafa idan ka tsaya. Kuma in da 'yar eriyar roba kake aiki a cikin mota, fitar da eriya kan rufi tukuna.

Maganin gaskiya shi ne a samu ƙofa a giɓin nan. Ƙofa mai sauraro kawai ba ta da wahala: 'yar kwamfutar Raspberry Pi, ƙaramar na'urar kama rediyo ta RTL-SDR, manhajar Direwolf mai karanta saƙonnin, eriya a sama, da intanet da wutar da ba sa yawan yankewa. Za ka shiga APRS-IS da lambar kiranka da lambar shiga da ake fitarwa daga gare ta. Ɗaga eriya sama ya fi tsadar na'ura tasiri a nan, nesa ba kusa ba.

Sai dai ka sani, ƙofa mai sauraro kawai ba ta dawo da saƙo daga intanet zuwa iska. Za a gan ka a taswira, amma in wani ya rubuto maka ba zai iso ba, sai an sa mata rediyo mai harbawa, wanda kuma sharuɗɗan lasisinka ne za su nuna ko an yarda ka bar shi yana aiki ba kowa a kusa.