Ku Tambaya Mu Amsa: Wai da gaske ana dasa wa mutum tunani a kai?

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu, ina lahiya, ya zahin Yamai? Ni ɗan lise ne nan Tawa, tun ina ƙarami nike son wasan dabo, yanzu haka na iya ɓadda ƴar dala ashirin a hannu, da ƴan wasannin karta da nike ma abokaina a fada. To kwanan nan na faɗa kallon bidiyon wasu turawa a waya, mutum shi ce ma wani riƙe lamba ko suna cikin ranka, kuma shi hwaɗi abin daidai, in an tambaye shi sai shi ce ba tsahi ba ne, sanin halin ɗan Adam ne, wai da kalmomi da motsin hannu shike dasa ma mutum tunanin. Na gwada ma mutum shida, ɗaya kaɗai ta ci, sauran sunka yi ta mini dariya. Abin ga gaskiya ne ni ne ban iya ba, ko ko megana kawai nike ƙonawa?
Daga wani ɗanka a Tawa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, zafi kam sai godiya, mu da ku ba mai yi wa wani jaje. Ɗaya cikin shida ɗin nan da kake kuka da ita wallahi ba ka yi laifi ba, kusan haka abin yake ko a hannun masu bincike. Akwai wani Bature ɗan Ingila, Derren Brown, wanda ya yi suna a tele tun shekarar 2000 da irin wannan wasa, yana da wani salo da yake zana siffar karo (alamar karta mai kusurwa huɗu) da yatsunsa a iska, yana nuna uku uku cikin magana, wai don mutum ya zaɓi ukun karo. A 2020 wasu masu bincike biyu a Landan, Alice Pailhès da Gustav Kuhn, suka gwada salon a kan mutane, kusan 18 cikin 100 suka zaɓi ukun karon. In da sa'a ce zalla, karta ɗaya cikin 52, da bai wuce mutum 2 cikin 100 ba. Ka ga kenan abin yana da tasiri, ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, amma dubi ɗaya gefen, sama da mutum 80 sun zaɓi wani abu daban, to wane mai wasa ne zai tsaya gaban jama'a da dabarar da za ta kunyata shi sau huɗu cikin biyar?

Shi ya sa in ka ga mutum yana ci kullum ba kuskure, ka tabbata akwai wata dabara a ƙasa, ta hannu ko ta kayan aiki ko ta wani da suka haɗa baki. Zancen "na karanta fuskarka" ɗin nan sau da yawa shi kansa shi ne rufa-idon. Da can mai dabo cewa yake aljanu ne suka gaya masa, na yanzu ya lura ƴan lakwal ba sa sayen wannan, sai ya ce kimiyya ce, kai kuma kana can kana tunanin yadda ya motsa gira alhali takardar ya leƙa. Kuma kar ka manta bidiyo yanka shi ake yi, waɗanda abin bai ci a kansu ba ba za ka taɓa ganinsu ba.

Bari in ba ka tsohon labari, daga maƙwabtanmu ma. A 1856 gwamnatin Faransa ta tura wani gwanin dabo, Robert-Houdin, zuwa Aljeriya don ya dushe kwarjinin malaman da jama'a ke ganin suna da karama, aikin mulkin mallaka dai, ba yabonsa nake ba. Yadda shi da kansa ya ba da labari, ya ajiye ɗan ƙaramin akwati ya kira wani ƙaƙƙarfa ya ɗaga, ya ɗaga ba wahala, sai ya ce to yanzu na zare maka ƙarfi, mutumin ya yi ya yi akwati ko gezau. Duk wanda ke wurin zai rantse magana ce ta kama shi. Ashe gindin akwatin ƙarfe ne, ƙarƙashin dandamalin kuma akwai maganaɗisu mai aiki da lantarki, ana kunnawa ya riƙe. Lantarki ya yi aikin, magana ta kwashe ladan. Amma lura, ba don maganar ba da akwati mai nauyi kawai mutane za su gani, ita ce ta mai da abin "an zare wa ƙato ƙarfi". A nan amfaninta yake.

Na san wanda ka gwada, ko dai ɗan'uwansa, wato riƙe lamba tsakanin 1 da 50, mai lambobi biyu, duka mara, kuma ba iri ɗaya ba, kamar 15 ta yi amma 11 ba ta yi ba. Ɗauki bik ka lissafa, 13, 15, 17, 19, 31, 35, 37, 39, takwas ne kacal, ka kuma kashe 15 da bakinka, saura bakwai. Mutum yana jin kamar cikin hamsin ya zaɓa alhali ka tura shi lungu, kuma da yawa 37 suke faɗawa, sai 35. Ni ma na taɓa yi a fadarmu ta Bukoki ana jiran shayi na biyu, na rubuta 37 a kwalin sikari na kife, wani abokina ya ce 19, aka kwashe da dariya har mai dafa shayi ya kusa kifar da buta. Abin da ban sani ba lokacin, masu sana'ar ba sa shiga ɗaki mai ƙofa ɗaya. Wani zai rubuta 35 ya soke ya rubuta 37 a gefe, ko wacce ka faɗa yana da abin cewa, in kuma ka faɗi 19 sai ya ce madalla, dama gwaji nake in ga irin kanka, ya wuce zuwa wasan da ba ya faɗuwa.

Ga irin wanda ba ya faɗuwa. Ajiye goro da ashana da makulli a kan faranti, ka riga ka rubuta "makulli" ka ba wani ya riƙe. Ce wa mutum ya ɗauki biyu. In ya bar makulli, ka ce to ga abin da ka bar mana. In makulli na cikin biyun, ce miƙo mini ɗaya, in ya miƙo makulli ka ce shi ka zaɓa ka ba ni, in ya riƙe shi ka ce shi ka zaɓa ka riƙe. Ba ka taɓa faɗin ma'anar ɗauka ko bari ba sai bayan ya yi. Sharaɗi ɗaya, kar ka yi jinkiri ko na ƙiftawar ido, kuma kar ka maimaita wa mutum ɗaya sau biyu ko ya roƙe ka da girman iyaye.

Inda shawara ta baki ke aiki da gaske kuwa shi ne a jiki. Ɗaura zobe a zare, mutum ya riƙe da yatsu biyu, gwiwar hannu ba ta jingina da komai ba, ka ce kar ka motsa, ka dai yi ta tunanin yana zagayawa. Mutane da dama za ka ga zoben ya fara lilo, su kuma su rantse ba su motsa ba, kuma ba ƙarya suke ba, tsokar yatsu ce ke ɗan motsin da mai ita bai sani ba. Wani masani Bafaranshe, Chevreul, ya gwada wannan a kansa tun ƙarni na 19, da aka rufe masa ido lilon ya tsaya.

Amma zancen wai in mutum ya kalli sama ta dama ƙarya yake, ta hagu gaskiya, wanda masu kwas ɗin NLP (wani tsari da ke iƙirarin koyar da karanta mutum da shawo kansa da magana) ke sayarwa, kar ka ba su ko dala. Richard Wiseman da abokan aikinsa sun gwada a 2012 ba su samu wata alaƙa ba. Megarka ka kashe ta a koyon hannu, ka tsaya gaban madubi da ƴar dala ashirin ɗinka, kuma in za ka yi wa mutane ka ce musu wasa ne tun farko.

TAMBAYA: Malam, wani mutum ya tare ni kusa da kasuwar Katako, ya ce ina da damuwar da ban gaya wa kowa ba, kuma akwai na kusa da ni da ba ya so na da alheri. Wallahi haka ne. Ya ce in kawo jikka goma ya yi mini aiki. Ya aka yi ya sani?
Daga wata ƴar'uwa a Yantala.

AMSA: Hajiya, tsaya bakin Katako ki faɗa wa mutum goma wannan maganar ki ga nawa za su musa. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa takarda ya ce bayanin halin kowa ne shi kaɗai, suka auna dacewarta da su, ta samu wajen 4.3 cikin 5, alhali takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, daga littafin taurari ya tsinto jimlolin. Mutumin naki ya jefa magana mai faɗi, ke kika cika ta da sunan wadda kike zargi, in kin tuna da kyau ma wataƙila ke kika fara ambatonta. In kin sake haɗuwa da shi ki ce ya faɗi nawa ne daure a bakin zanenki, in ya faɗa daidai ki rubuto mini, jikka goman kuma ki riƙe abarki.