Babban tantin iyali mai kumburi: yadda ake kafa shi ya jure hadarin gabas

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Argungu. Ruwan Agusta ya kayar mana da ɗakuna biyu, sai ƙanena ya aiko da wani babban tanti irin mai kumburin nan, a jakarsa an rubuta na mutum takwas. Mun harhaɗa shi ya tsaya, amma da hadari ya taso cikin dare sai iska ta kwantar da gefe guda, sanda ɗaya ta tsage, ruwa kuma ya shigo ta ƙasa. Mu bakwai ne har da yara. Ina gyaran yake?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba.

Abin da ya same ku yakan samu mutane da irin wannan tanti. Da an zura sanduna ya tashi kamar ƙwarya a kife, yakan tsaya da kansa ko ba a buga turke ko ɗaya ba, sai a ɗauka aiki ya ƙare. Alhali sandunan siffa kawai suke ba shi, abin da ke riƙe shi gaban iska shi ne igiyoyi da turaku. Igiyoyin nan da ke naɗe a jikin rufin sama, wato ƙyallen da ake lulluɓa wa tantin don tare ruwa, ina kyautata zaton ba ku warware su duka ba.

Fara da wurin. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a fadamar Argungu da Birnin Kebbi ya san ruwan gulbi na iya hawowa cikin dare ko ba a yi ruwan sama a garin ba. Don haka tudu za ka nema. Kauce wa gindin katangar da ta jiƙa, kauce wa ƙarƙashin indararo da busasshen reshe. A share wurin tas, a tsince ƙaya da tsakuwa, a duba ko akwai gidan tururuwa. In za ka shimfiɗa tamfol a ƙasa, naɗe bakinsa ya shige ƙarƙashin tantin. Tamfol ɗin da ya leƙo waje shi ke tare ruwan da ya gangaro daga rufi ya kai shi ƙarƙashin tabarma, kuma wataƙila ta nan naku ya shigo.

Sai fuska. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ke riga sauran zaizayewa. Juya ƙofa ta kalli yamma, bayan tantin ya tari iska. Idan ƙofa ta kalli gabas, iska za ta cika shi ta ɗaga shi daga ciki.

Haɗawar tana son mutum biyu, uku sun fi, kuma da safe ko da yamma lokacin da gari ya yi tsit. Baza tantin, ja duk zif ɗin ƙofofi ka rufe, domin in ka ɗaure shi ƙofa a buɗe, daga baya zif zai ƙi haɗuwa. Buga turakun kusurwa biyu na gabas tukuna. Sandunan na fiba ne, wato zaren gilashi da aka daskarar, guntu-guntu suke, roba ta ratsa cikinsu. Tabbatar kowane guntu ya shige bakin ƙarfen ɗan'uwansa har ƙarshe, don a mahaɗar da ba ta zauna ba ne sanda ke tsagewa. Wajen zura su a aljihun ƙyalle, tura ake yi. In ka ja, gaɓoɓin sun rabu a ciki ke nan. Manyan sanduna biyu su gitta juna a tsakiyar sama, mutum ɗaya ya shiga ya tallafi wurin, sauran su lanƙwasa su a hankali su sa bakin kowace a zobenta na kusurwa. A ɗaure magittar da ɗan ƙyallen da ke wurin, a jefa rufin sama, a kama shi a jikin sanduna.

Yanzu ga inda nake so ka fi ba da ƙarfi. 'Yan siraran turakun da ke zuwa cikin jaka ba don rairayinmu aka yi su ba, kuma a laka ma da ta sha ruwa zarewa suke yi. Je wurin mai walda ya yanka maka rodi, tsawon kamu biyu kowanne, ya lanƙwasa kansa yadda igiya ba za ta zame ba. Kada ka buga shi a miƙe. Karkata kansa ya kauce wa tantin, bakinsa na ƙasa ya nufi tantin, sannan ka sa guduma har ya kusa nutsewa. Inda rairayi ya yi laushi ƙwarai, ɗaura igiyar a tsakiyar guntun icce mai kauri, haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya da rabi, kwantar da iccen a gicciye, binne, taka. Wannan ko babban mutum ya ja da ƙyar zai tumɓuke shi. Buhun da aka cika da yashi ma yana yi, a aza shi bisa turke.

Kowace igiya a ja ta ta bi layin sandar da take riƙewa, a kafa ta kamar taku ɗaya da rabi daga tantin. Ta yi tsam, amma kada a ja har tantin ya karkace. Ɗaura ta gabas, ka je ka ɗaura kishiyarta ta yamma, haka har a zagaye. Bayan kowane ruwa a sake bi, don ƙyalle kan saki in ya jiƙa. Rufin sama kada ya taɓa na ciki. Inda suka manne, nan ɗiga ke farawa. A ɗauki fartanya a ja 'yar magudana ta gefen da ruwa ke gangarowa.

Sandar da ta tsage tana gyaruwa. Duba jaka, akan sa ɗan gajeren bututun ƙarfe don haka. In babu, kowane bututu da ya yi daidai zai yi. Zura shi ya rufe tsagar, naɗe da robar tiyub. Riƙe wurin da tsumma, don zaren fiba na shiga fata, kuma kada yara su yi wasa da shi.

Batun mutum takwas kuwa, lissafin masu ƙerawa na mutane ne kwance kafaɗa da kafaɗa, ba kaya. Ku bakwai za ku matsu, sai a nema wa buhuna da akwatuna wani wurin.

Ina roƙonka da babbar murya: kada a shigar da gawayi, risho, kyandir ko maganin sauro mai hayaƙi. Ƙyallen roba ne, nan da nan yake kamawa ya narke a jikin mutum. Gawayi kuma na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. A yi girki a waje, can nesa. A bar tagogin raga a buɗe don shan iska, a ɗaura wa yara gidan sauro, a karkaɗe takalma da safe saboda kunama. In zaman zai kai bayan damina, a yi masa rumfar zana daga sama, domin rana na cin irin wannan ƙyalle har ya fara yagewa.