Yadda ake fitar da lambar tantancewa ta EAN-13

Malam, kana tambayar yadda za ka lissafa lamba ta 13, wato lambar tantancewa, a bakod ɗin kaya mai lambobi 13 da ake kira EAN-13. Ɗauki lambobi 12 na farko, ka faro daga dama: ta ƙarshe ka ninka ta sau 3, ta gabanta sau 1, haka bi da bi. Tara su duka. Abin da ya rage jimillar ta cika goma ta gaba, shi ne amsarka. Misali 615123456789: jimilla 109, lambar 1 ke nan.

Sai dai ka kula, in jimillar ta faɗa daidai kan goma, kamar 110, amsar 0 ce, ba 10 ba. Nan manhajoji da yawa ke tuntuɓe. Kuma a kwamfuta ka ajiye lambar bakod ɗin gaba ɗayanta a matsayin rubutu, don in ka mai da ita adadi, sifilin farko ɓacewa yake, na'urar kanti ta kasa gano kayan.