Me ya sa aka taɓa ƙera manyan jiragen sama da katako, kuma me ya hana a ci gaba?

Tambaya: Na ji an ce a Amurka akwai wani ƙaton jirgin sama da aka yi da katako. Gaskiya ne? In katako na iya wannan aiki, don me aka watsar da shi?

Amsa: Gaskiya ne, malam. Jirgin da ka ji labarinsa shi ne H-4 Hercules na attajirin Amurka Howard Hughes, mai injuna 8, wanda faɗin fukafukansa ya kusa mita 98. An ba da kwangilarsa a 1942, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya sa alminiyam ya yi wuya. Sau ɗaya tak ya tashi, ran 2 ga Nuwamba 1947 a Long Beach da ke jihar California, ya yi tafiyar kilomita ɗaya da rabi, mita 21 bisa ruwa.

Ba gungume aka sassaƙa ba. Filawud ne: ana fere itace falle-falle, a jera 3 ko 5 ko 7, jijiyar kowane falle ta gicciye ta na ƙarƙashinsa, a shafa gam, a matse da zafi. Falanki yakan tsage ya bi jijiyarsa, amma wannan gicciyewar tana toshe wa tsagar hanya. Idan za a haɗa falle biyu baki da baki, sai a zaftare gefensu a karkace, tsawon zaftarewar ya ninka kaurin sau 12, don gam ya sami wurin kamawa.

A ganina gwanintar ta fi fitowa a jirgin yaƙi Mosquito na Ingila, wanda ya fara tashi a 1940, aka ƙera guda 7,781. Gangar jikinsa itacen balsa ne marar nauyi daga ƙasar Ikwado, an sa shi tsakanin filawud biyu. Ana yin ta ɓari biyu, a shirya wayoyi a ciki, sannan a manne. Kafintocin kujeru da masu yin fiyano suka yi aiki mai yawa a kansa.

Matsalar ba ƙarfin katakon ba ce, laima ce da gam. Tsohon gam daga madara ake yin sa. Da ya sha danshi sai ya yi fumfuna ya saki. Katakon kansa yana kumbura ya motse da sauyin yanayi, har mahaɗa ta buɗe daga ciki, inda ido ba ya gani. Abin da ya faru ke nan da jirgin fasinja Fokker F-10 a jihar Kansas ta Amurka ran 31 ga Maris 1931: danshi ya ci gam, fiffike ya ɓalle a sama, mutum 8 suka rasu. Hukuma ta tsananta binciken fukafukan katako, binciken kuwa yana da tsada da cin lokaci, sai kamfanonin sufuri suka koma jiragen alminiyam irin su Boeing 247 da DC-2. Ƙarancin alminiyam lokacin yaƙi ne ya sa daga baya aka sake waiwayar katako na ɗan lokaci.

Har yau ana yin ƙananan jirage da filawud, da gam na zamani. Sharaɗin shi ne danshin katakon ya tsaya tsakanin kashi 8 da 12 cikin 100, a shafe cikinsa da banish (man da ake shafa wa katako don hana ruwa shiga), a kuma huda ƙananan ramuka a ƙasan fiffike don ruwan da ya taru ya tsiyaye.