Halin Mai Mota Yana Ƙarƙashin Bonet

Ka tambaye ni yadda nake gane halin mutum daga motarsa tun bai buɗe baki ba, da kuma ko babbar mota alamar mai kuɗi ce. To ajiye sifanar nan ka zauna, ɗana, wannan ma yana cikin koyon aiki.

Samfurin mota da fentinta su ne abin da mai ita yake so jama'a su gani. Tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, Fijo 504 ta zama motar ma'aikacin gwamnati da ya taka wani matsayi, doguwarta kuma ta riƙe tashoshin mota shekara da shekaru. Shi ya sa har gobe akwai dattawan da ba sa yarda da komai sai Fijo. Idan ɗayansu ya kawo maka 406 tsaf-tsaf, ka saurare shi da kyau, don sau da yawa ya san kukan injinsa fiye da kai. Samari kuwa Honda suka runguma, Accord ta 2003 da ake ce wa End of Discussion, da ta 2008 da ake kira Evil Spirit. Mai Corolla ɗan lissafi ne: ba ta shan mai, kayan gyaranta suna nan jibge a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ranar da ya tashi sayarwa kuma ba zai rasa mai saye ba. Golf da Sharan na 'yan haya ne. Hilux da Land Cruiser masu baƙin gilashi, kai ma ka san su wa ke ciki.

Amma duk wannan hasashe ne. Wata motar ta aro ce, wata ta ofis, wata ba a gama biyan kuɗinta ba. Mu abin da muke karantawa yana ƙarƙashin bonet.

Fara zaro sandar awon baƙin mai, ka murza shi a yatsa. In ya yi kauri kamar kwalta, ya kuma sauka ƙasa da layi, to mai motar ba ya juye a kan lokaci, komai ƙyallin jikinta. Sai ka jira injin ya huce ka buɗe lagireto. Kada ka kuskura ka buɗe shi da zafi, tururin zai saɓule maka fata. Ruwa mai launi, kore ko ja, yana nuna mutum mai jin shawara. Ruwan famfo da ya rine da tsatsa yana nuna wanda sai mota ta tsaya masa a hanya yake neman bakanike.

Abin da ya fi damuna shi ne taya. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Mutum zai sayo 'yar Beljiyam don zanenta bai cinye ba, alhali robar ta tsufa ta fara tsattsagewa. Ya kashe kuɗi a kan rim na ado da na'urar kiɗa, sannan ya ɗebi matarsa da 'ya'yansa ya hau hanyar Zariya da tsakar rana a watan Afrilu. Wannan ba na iya yin shiru a kai. Ka nuna masa lambar da yatsanka, ka gaya masa gaskiya, ko zai ji haushi.

Kada kuma ka yi saurin yanke hukunci. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, masu manyan motoci da yawa suna yawo fitilar mai a kunne. Famfon mai yana cikin tanki, man ne ke sanyaya shi, in kullum tanki a bushe yake sai ya ƙone. Mutum mai mutunci zai zo maka da wannan matsalar, nauyin iyali ya yi masa yawa. Ka canza masa famfo, ka ce masa cikin ladabi, "Alhaji, a daure kada ya riƙa sauka ƙasa da kwata." Ga kuma direban Golf da jikinta duk lotsawa, amma birkinta garau, juyenta ba ya wuce lokaci, don da ita yake ci da gidansa.

Wannan karatun don ka san inda za ka duba ne da yadda za ka yi wa mutum magana. A garejina ba a ninka wa mai Prado kuɗin aiki, ba a kuma yi wa mai Golf aikin ha'inci. Duk abin da ka cire, ka ajiye tsohon ka nuna wa mai shi. Takarda ko magani da ka gani a cikin motar mutane, bakinka alaikum.

Camry ɗin can da aka kawo da safe, je ka karanta min shekarar tayoyinta har da safaya, ka auna baƙin mai, sannan ka zo mu tsara abin da za mu gaya wa Hajiya.