Bikin Ati-Atihan a Kalibo: amsa ga ƙanwarmu da ke shawarar zuwa

Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da zuwa Filifin, Allah Ya ba da sa'ar karatu. Kin ce 'yan ajinku sun gayyace ki Kalibo kallon Ati-Atihan a watan Janairu, da kika duba hotuna kika ga jama'a sun shafe fuska da jiki da baƙi sai gabanki ya faɗi, kina tambaya ko baƙar fata ake yi wa ba'a, kuma ko akwai abin da zai kai 'yar Musulmi wurin. A Iloilo na yi nawa karatun, tsibiri ɗaya da Kalibo, wato Panay, kuma na halarci bikin nan fiye da sau ɗaya. Ki yi haƙuri da tsawon amsar, maganar ce ba ta gajartuwa.

A taƙaice dai, ba don ba'a aka kafa shi ba, kuma za ki iya zuwa ki dawo lafiya da addininki da mutuncinki. Amma akwai abin da ya fi baƙin fuskar nan ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne halin da masu sunan bikin suke ciki.

Ati mutane ne, ƙabila ce, su ne 'yan asalin Panay tun kafin kakannin sauran 'yan ƙasar su iso. Gajeru ne, baƙaƙe, gashinsu irin namu. 'Yan'uwansu na tsibirin Luzon su ake kira Aeta ko Ayta, waɗanda aman wutar dutsen Pinatubo ya tarwatsa ƙauyukansu a watan Yunin 1991. Akwai Agta a gabashin Luzon, akwai Mamanwa a Mindanao. Sifaniyawa da suka mulki ƙasar sun haɗa su duka suka kira su Negrito, har tsibirin Negros ma saboda su aka raɗa masa sunan. Kada kamannin su ruɗe ki, ba bayi ne da aka kwaso daga Afirka ba, kakanninsu sun shekara dubbai masu yawa a waɗannan tsibirai, kuma ta wajen jini sun fi kusa da mutanen yankin Asiya da Fasifik. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa Ayta Magbukon na lardin Bataan sun fi kowace al'umma da aka auna a duniya gadon jinin mutanen zamanin da, waɗanda ake kira Denisova. Sunan bikin kuwa nufinsa kwaikwayon Ati, shi ya sa ake shafa baƙin tukunya ko gawayi.

Labarin da kowane ɗan Aklan, lardin da Kalibo take ciki, zai ba ki shi ne, a ƙarni na 13 wasu sarakuna 10 daga Borniyo, Datu Puti na gaba, suka gudo daga zaluncin sarkinsu suka sauka a Panay. Suka sayi filayen bakin teku daga sarkin Ati mai suna Marikudo da malafar zinariya, matarsa Maniwantiwan ta karɓi doguwar sarƙa, Ati suka hau duwatsu. Wai da aka yi shagalin cinikin sai baƙin suka shafa baƙi don nuna sun zama ɗaya da masu gida. Labari ne mai daɗi, amma masana tarihi ba su ɗauke shi a matsayin abin da ya tabbata ba. Tushensa a rubuce littafin Maragtas ne wanda Pedro Monteclaro ya fitar a 1907, kuma a 1968 masanin tarihi William Henry Scott ya nuna cewa babu wata tsohuwar takarda daga kafin zuwan Sifaniyawa da littafin ya dogara a kanta, tatsuniyoyin baka ne aka tattara. Ban ce ki je ki yi musu da 'yan ajinki a kan wannan ba, abin alfaharinsu ne. Ki dai lura da abin da labarin yake koya wa yara: wai Ati da kansu suka sayar da ƙasarsu, cikin farin ciki, a kan hula da sarƙa. Wanda ya tashi da wannan a kansa da wuya ya ga laifin kowa idan ya ga Ati ba su da fili a yau.

Ta fuskar addini kuwa, gara ki san abin da za ki tarar. Bikin na yanzu na Katolika ne, ana yinsa don girmama Santo Ninyo, wato mutum-mutumin jariri mai kambi da jar alkyabba wanda suke cewa siffar Annabi Isa ce, alaihis salam, yana yaro. Na farkonsa Magellan, Baturen da ya jagoranci jiragen ruwan Sifaniya, shi ne ya kawo shi tsibirin Sebu a 1521. Ranar Lahadi ta uku a Janairu ita ce babbar rana: da safe a yi addu'ar coci a fili kusa da dandalin Pastrana, da yamma a ɗauko mutum-mutumin a zaga gari da shi har dare. Za ki ji ana ta ihun "Viva kay Senyor Santo Ninyo!", jama'a na amsawa da "Viva!", wannan kirari ne na ibada, ba naki ba ne. A babban cocin garin kuma mutane kan yi layi a goga musu ɗan mutum-mutumin a kai da kafaɗa da baya don neman lafiya. Ni ban taɓa shiga wannan ɓangaren ba, kuma babu wanda ya taɓa tsare ni a kai. Da na ce ni Musulma ce sai su ce to, su wuce. Ranar Asabar, ranar gasar ƙungiyoyin rawa, ita na fi ba ki shawara. Idan kuma zuciyarki ba ta kwanta da zuwan gaba ɗaya ba, ki bar shi, ba ki rasa wani abu na dole ba.

Abin da ya bambanta Kalibo da bikin Dinagyang na Iloilo, wanda ake yi mako guda bayansa, shi ne a Iloilo ana shirya rawar tsaf, a sayi tikiti a zauna a kalla. A Kalibo babu shamaki tsakanin mai rawa da ɗan kallo. Ƙungiya za ta taho da ganguna manya da ƙanana da wani abin kiɗa na ƙarfe mai zaƙin ƙara, kowa ya faɗa bayansu yana jan ƙafa a ƙasa daidai da kiɗan, abin da suke kira sadsad. Tsohuwa rungume da Santo Ninyonta, Bature da kyamara, yaro a wuyan ubansa, duk a layi ɗaya ana "Hala bira! Pwera pasma!", wato a ci gaba da gashi, Allah Ya raba mu da ciwo. Kiɗan har a ƙirji kike jinsa, kuma daga safe zuwa dare ba ya yankewa. Cunkoson kusa da dandalin ki ƙaddara Ƙofar Kudu ce ranar hawan Daushe. Kayan da suke sawa ma abin kallo ne, na gashin tsuntsu da ƙwaryar kwakwa da bawon katantanwa da zaren abaka, wata hular ta fi mai ɗauke da ita tsawo.

Amma ke baƙa ce, don haka ranar ba za ta zame miki kamar yadda take ga 'yan ajinki ba. Za a kira ki "Ati" a titi, wani da dariya, wani da murna tsakani da Allah. Za a nemi hoto da ke har ki gaji. Wani zai ce ke ba kya buƙatar shafa komai, yana ganin yabo ya yi. Yawanci babu mugunta a ciki, sai dai ki sani a ranakun da ba na biki ba wannan kalmar ita ake tsokanar yaro da ita a makaranta idan ya cika duhu, a ƙasar da tallan man bilicin ya cika allunan titi. Masu yawo da baƙin tukunya a hannu suna shafa wa mutane a kumatu, idan kika ɗaga hannu kika girgiza kai za su ƙyale ki. Kina da ikon ƙin hoto, kada kunya ta sa ki yarda da abin da ba kya so.

Su Atin fa, ina suke a wannan rana? Akwai su, wasu shekarun ma ana ba su wuri a jerin gwanon, kuma suna da unguwa a Numancia, tsallaken kogi daga Kalibo. Amma inda na fi ganinsu shi ne gefen titi. Wata dattijuwa na tarar a bakin wani shago ta shimfiɗa buhu, ta jera sassaƙe da saiwoyi da 'yan kwalabe na man shafawa da awarwaron duwatsu, jikarta na barci a cinyarta duk da ƙarar gangunan. Ƙafafun masu rawa na wucewa dab da kayanta, kowa ya yi baƙi ƙirin don ya yi kama da ita, ba mai ko kallonta. Na durƙusa na gaishe ta da ɗan yaren Hiligaynon da na iya. Ta kama hannuna ta ɗora kusa da nata ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaye ni daga wane dutse mutanenmu suke. Na ce daga nesa ƙwarai, Afirka. Tambayarta ta biyu ita ce ko muna da gonaki a can. Da na ce muna da su, namu na kanmu, sai ta gyaɗa kai ta ce madalla.

Ba banza ta yi wannan tambayar ba. Daga Kalibo tafiyar kamar awa 2 ce a mota zuwa Katiklan, daga nan a hau jirgin ruwa 'yan mintoci sai Borakai, tsibirin farin yashin nan da ya karɓi baƙi sama da miliyan 2 a 2017. Ati ne mazaunansa na farko. Tsibirin ya haura hekta 1,000, amma abin da hukumar kula da 'yan asalin ƙasa ta ba su takardarsa a 2011 hekta 2.1 ne kacal, duk da cewa tun 1997 aka yi dokar da ta amince da haƙƙinsu a kan ƙasar kakanninsu. Wannan ɗan filin ma sai da wasu suka yi ta ja da su a kansa. Ranar 22 ga Fabrairun 2013 aka harbe Dexter Condez, matashin da ke magana da yawunsu, yana ɗan shekara 26, a hanyarsa ta komawa gida daga taro. A 2018, shekarar da Shugaba Duterte ya rufe tsibirin wata 6 don a tsabtace shi, an ƙara musu wasu filaye na noma, bayan 'yan shekaru kuma ma'aikatar da ta bayar ta soke takardun da hujjar cewa ƙasar ba ta noma ba ce. Otal-otal na cika, jiragen sama na sauka a Kalibo saboda bikin da ke ɗauke da sunansu, su kuwa da yawansu wanki da shara da bara suke yi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Harshensu ma, Inati, masu jinsa sai raguwa suke, yara na komawa yaren maƙwabta don gudun gori.

Ban faɗi wannan don ki tsani mutanen Aklan ba. Mutane ne masu karamci, a gidan wata ƙawata na sauka, uwarta ta sayo sabuwar tukunya musamman don kada a dafa mini abinci a wadda aka taɓa dafa alade. Cikinsu akwai malamai da 'yan coci da ɗalibai da suka tsaya wa Ati tsayin daka, a Borakai ma mata masu hidimar coci sun daɗe suna zaune tare da su. Roƙona gare ki shi ne idan kin je, gaisuwarki da kuɗinki su isa hannun Ati kai tsaye. Ki sayi abin da suke sayarwa ba tare da kin matse su a ciniki ba. Kada ki ɗauki hoton yaransu sai iyayen sun yarda. Idan 'yan ajinki sun tsaya hoto da wanda ya shafa baƙi, ki ja su su gaisa da na ainihin, ke za su fi jin maganarki a kan wannan fiye da kowa.

Sauran kuma harkar tafiya ce. Ki nemi masauki tun watan Nuwamba, don ɗakuna kan ƙare kuma kuɗinsu kan ninka. Daga Manila akwai jirgi kai tsaye zuwa Kalibo, daga Iloilo kuma bas ce, kamar awa 4, ranar biki ta fi haka. A wasu shekarun hukuma kan katse layin waya a tsakiyar gari saboda tsaro, don haka ku tsayar da wurin haɗuwa tun kafin ku shiga taro. Jaka ƙarama a gaba, takalmi mai rufi, ruwan sha, da hijabin da ba kya jin asararsa, domin baƙin nan sai ya same ki ko ba a shafa miki ba. Giya ana shanta a fili, da la'asar ta yi za ki fara ganin alamarta, ni kafin magariba nake komawa masauki, kuma ban ba ki shawarar zuwa raye-rayen dare na dandalin Magsaysay ba. Ki yi alwala kafin ki fito, ki tsara komawa ɗaki don salla, samun wuri mai tsabta a cikin taron yana da wuya.

Abinci, ki riƙe kalmar baboy, ita ce alade, kuma ki tambaya har man da aka yi suya da shi da romon da aka zuba. Gasasshen kifi da jatan lande da shinkafa sun wadatar, ga mangwaro da ruwan kwakwa. Akwai Musulmi 'yan kasuwa daga Mindanao a wajen kasuwa, yawanci masu sayar da tufafi da kayan waya, idan kika yi musu sallama za su nuna miki inda suke cin abinci da inda suke salla. Idan kin samu rarar kwana ɗaya bayan an watse, ki je ki ga masu saƙar pinya, yadin da ake yi da zaren ganyen abarba, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2023, ko ki taka gadar gora ta cikin dajin bakin ruwa na Bakhawan da mutanen gari suka fara dasawa a 1990. Duka biyun kuɗin keke mai ƙafa uku ne daga tsakiyar Kalibo. In kin tsayar da ranar tafiya ki yi mini magana ta akwatin saƙo, zan haɗa ki da 'yan'uwanmu da ke Iloilo don kada ki tafi ke kaɗai.