Baffa, ga dalilin da ya sa muke sauya gari saboda dutse

Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Tambayarka ta iso, kuma da yake ba kai kaɗai ke yin ta ba, na ga gara in amsa a fili kowa ya karanta. Ka ce 'ya'yanku da ke Amurka ba sa zama wuri guda, yau a ce wane yana Houston, gobe a ce ya kwashe iyali ya koma wani gari, in an nemi dalili a ce wai can akwai duwatsu da daji. Ka ce shin dutsen ake ci, ko kuwa mun zama Fulanin tashi ne ba ko saniya.

Farkon zuwa dai babu mai zaɓen gari. Inda mai masaukinka yake, nan za ka sauka. Shi ya sa 'yan zangon Ghana suka cika Bronx a New York, 'yan Nijar, Hausawa da Zabarmawa, suka yi kaka-gida a Greensboro, mu 'yan Najeriya kuma da yawanmu Houston ce ko Atlanta ko kewayen Washinton. Ƙaurar da kake tambaya a kai ita ce ta biyu, wadda mutum ke yi bayan takardunsa sun daidaita, ya samu sana'ar da zai iya tafiya da ita ko'ina: nas, likita, direban tirela, mai aikin kwamfuta. Nas mai lasin Teksas tana iya kama aiki a Kolorado ko Utah da lasinta na da kafin ta sauya takarda, domin jihohin suna da yarjejeniyar amincewa da lasin juna. Daga 2020 kuma, da korona ta sa kamfanoni suka bar ma'aikata su yi aiki daga gida, sai abin ya ƙaru.

Abin da ba a ganewa sai an zauna a nan shi ne yadda ƙasar ke kulle mutum a ɗaki. Kai a Kano, la'asar na yi an shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Ka taka zuwa masallaci sau biyar, ka leƙa kasuwa, ka je gaisuwar mutuwa, ka dawo ka yi tafiyar da ba ka ma san ka yi ba. A Houston daga ɗaki sai gareji, daga gareji sai mota, daga mota sai wurin aiki, unguwanni da yawa ko hanyar ƙafa babu a gefen titi. Daga Mayu har Satumba zafi ne mai naso. Na san za ka yi dariya, ɗan Kano da kukan zafi. To namu busasshe ne, ka shiga inuwa ka sarara; na can laimar teku ce, inuwa ba ta yi maka komai. Sai mutum ya wayi gari tumbi ya fito, likita na maganar hawan jini da ciwon suga, yara kuma ido a waya daga dawowa makaranta har barci. Shan iskar da kuke yi kyauta, mu sai mun nemo ta, wani lokaci sai mun sauya gari kafin mu samu.

Dalilin da ya sa ake nufar yamma kuwa maganar ƙasa ce. A Teksas, jihar da Houston take, kusan duk fili na da mai shi, an kewaye da waya, abin da gwamnatin tarayya ta mallaka bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. A Kolorado ta mallaki sama da kashi ɗaya bisa uku na jihar, a Utah ya doshi biyu bisa uku, kuma yawancin wannan fili kowa na da izinin shiga, ya yi tattaki, ya kafa tanti ya kwana. Tun 1872 suka fara keɓe irin wannan wuri da gandun Yellowstone. Mazaunin ƙasar na sayen kati na dala 80 ya shiga duk gandayen tarayya shekara guda, shi da duk wanda motarsa ta ɗauko. Mai iyali da ke ƙirga kwabo ba shi da wata nishaɗi mai arha irin wannan.

Ni daga Houston Seattle na fara komawa, kuma har gobe ban ga gari mai kyanta a damina ba, in dai Yuli da Agusta za a kira damina. Teku da tafkuna ta ko'ina, itatuwa kore shar, in sama ta washe ka hango dutsen Rainier mai tsawon mita 4,392 da farar hularsa. Aiki akwai, ga Amazon ga Microsoft ga Boeing, jihar kuma ba ta cire haraji daga albashi. Somaliyawa sun cika Tukwila da SeaTac da ke gefen garin, saboda haka masallaci da naman halal ba matsala. Abin da ya tayar da mu duhu ne. Ruwan da ke sauka a Seattle a shekara bai kai na Houston ba, amma yayyafi ne yake yi, daga Oktoba har bazara sama a rufe, a Disamba kuma ƙarfe huɗu da 'yan mintuna rana ta faɗi. Ka fita aiki da duhu ka dawo da duhu. Mai baƙar fata ya fi shan wahalar rashin rana, yawancinmu sai da likita ya ɗora mu a kan ƙwayar bitamin D. Uwargida ce ta fara cewa ta gaji, ba ta da wani ciwo amma kullum jikinta a mace. Sannan azumin 2016 da na 2017 ya faɗo a Yuni: alfijir wajen ƙarfe uku na dare, magariba bayan tara, awa goma sha takwas ke nan ko kusa. A kai isha'i da asham, a ɗan kishingiɗa, sai sahur. Akwai 'yan'uwa da ke can har yau suna jin daɗinsu, sun sayi rigar ruwa suna fita a cikin yayyafin kamar 'yan gari. Mu dai bai karɓe mu ba.

Salt Lake City ta jihar Utah na daɗe ina auna ta, kuma in maganar kusanci da dutse ce babu kamarta. Duwatsun Wasatch a bayan gari suke, ka tashi aiki ka ɗauki rabin awa ka shiga kwazazzabo. Can aka yi wasannin Olamfik na hunturu a 2002, an sake ba su na 2034. Mabiya cocin Mormon da suka kafa garin a 1847 ba sa shan giya, ko shayi da gahawa ba sa sha, suna haihuwa da yawa, suna girmama zaman iyali, don haka Musulmi mai yara yakan sami natsuwar da ba ya samu a wasu garuruwa. Akwai masallacin Khadija a West Valley City. Aibinta biyu. Garin a cikin kwari yake, in sanyi ya kankama iska mai ɗumi takan danne mai sanyi a ƙasa, hayaƙin motoci ya rasa mafita, ya kwanta a kan gari kwana da kwanaki. Wani abokina mai yaro mai asma bai kai ko'ina ba ya tattara. Na biyu, baƙar fata ƙalilan ne ƙwarai, yaronka zai iya zama shi kaɗai a aji. Minneapolis kuwa ga tafkuna a tsakiyar gari, ga hanyoyin keke, tun 2023 ma an yarda a kira salla da lasifika sau biyar, amma sanyinta sai mai ƙashin Somaliyawan da suka riga suka saba.

Yanzu muna Aurora, maƙwabciyar Denver a jihar Kolorado. Masu zuwa da hoton waya a kai sukan sha mamaki, domin Denver ba a cikin dutse take ba, a shimfiɗaɗɗen fili take, duwatsun suna yamma da ita. Sai dai filin kansa yana bisa mita 1,609 daga teku, ya ɗara Jos nesa ba kusa ba. Rana na fitowa kusan kullum. Dusar ƙanƙara ta zuba yau, jibi ta narke, ko da yake Maris da kuke ganin ƙarshen sanyi ne ta fi zuba. Iska a bushe take, man kaɗanya ya zama dole a gida. Ruwa na tafasa a kusan digiri 95, shi ya sa wake ke cin lokaci kafin ya nuna, matan nan duk sun koma tukunya mai riƙe tururi.

Jihar na da tsaunuka fiye da hamsin da suka haura mita 4,200, hawansu kuma wata jarabar 'yan gari ce. Ka'idarsa ta yi daidai da mu: da rani hadari kan taso bayan azahar da tsawa, saboda haka ana so mutum ya bar ƙololuwa kafin rana ta take. Da tsakar dare ake barin gida. Mu sai mu yi asuba a gindin dutse, a sha shayi a fulas, a kama hanya. Amma gaskiya, Baffa, ba wannan ne ya zaunar da ni ba. Hanyar I-70 da ke shiga duwatsun takan cushe ranar Asabar da Lahadi, musamman lokacin masu wasan zamiya, tafiyar awa ɗaya da rabi ta koma uku. Gandun Rocky Mountain kuma tun 2020 sai ka kama lokaci ta intanet kafin ka shiga da rani. Wanda ya ƙaura don tsauni kaɗai, in ya yi wasa sau nawa zai gan shi a shekara? Abin da ya zaunar da ni wata tsohuwar magudanar ruwa ce mai suna High Line Canal, mai tsawon kilomita 114, da aka mayar da gefenta hanyar ƙafa da keke, ta ratsa ta kusa da unguwarmu. Ranar Talata ma, tsakanin la'asar da magariba, ina fita da yara, uwarsu da ƙawayenta Habashawa da 'yan Sudan suna gaba da hijabansu da takalman gudu. Ni a nawa ma'aunin, wannan ya fi tsauni goma.

Kada ka ɗauka muna tashi ne kara zube. In mutum ya yi niyya, sai ya cigita a zauren WhatsApp na 'yan gida ko ta ƙungiyar Zumunta ta 'yan Arewa mazauna Amurka, ko akwai namu a gari kaza. Tambayar farko ba ta dutse ba ce. Ina ake Juma'a, akwai Islamiyya, in ta Allah ta kasance wa zai yi wanka, ina ake binnewa, nawa ake kashewa. Sai nama, sai makaranta, sai haya. A nan muna da masallacin Abubakar a titin Parker, shagunan Habashawa da Larabawa kuma sun jeru a titin Havana da kewaye. Bayan nan akan ce masa ya zo ya kwana biyu a watan da garin ya fi muni: Seattle a Disamba, Salt Lake a Janairu, Houston a Agusta. Kuma ya yi haya tukuna. Gida a Denver ya yi tsada fiye da Houston sosai, jihar na cire haraji sama da kashi 4 daga albashi, inshorar mota da ta rufi na hawa saboda ƙanƙara mai fasa gilashi, ga gobarar daji. Wadda aka yi kusa da Boulder a ƙarshen Disamban 2021 ta cinye gidaje sama da 1,000.

Akwai tambaya guda da Bature ba ya yi, mu kuwa dole ce: jini. Iskar tudu ba ta ƙosar da numfashi, mai sikila na iya shiga matsala, har mai AS da bai taɓa ciwo ba saifarsa kan iya tashi in ya hau sama ya wahalar da jiki. Wani ɗan ƙwallon Amurka, Ryan Clark, ya buga wasa a Denver a 2007, ƙarshenta sai da aka cire masa saifa da matsarmama. Gidan da ke da mai SS, ni ba na ba su shawarar nan sai likitansu ya amince.

Abin da muke biya kuma ba zan ɓoye maka ba. A hanyar dutse karnuka ne birjik, wasu ba igiya, sai mutum ya koyi kaucewa da tufafin sallarsa. Abokan aiki in an sauko giya ce hirarsu, wiwi kuma an halatta ta a jihar tun 2012, warinta har bakin makaranta. Waɗannan da sauƙi, ana iya tsare kai. Mai nauyin shi ne ƙarancin jama'a. Gidajen Hausawa a nan a yatsa za ka ƙirga. Yaron Bronx na jin Hausa a masallaci, a shagon aski, a wurin suna. Nawa in ba ni da uwarsu ba, sai ku a waya. Ka ji Hausar babbar da kunnenka ranar sallah, ka san abin da nake nufi. Ranar suna sai mu gayyato 'yan Senegal da 'yan Gini su cika falo. Akwai waɗanda suka zo, suka ji daɗin iskar, amma da 'ya'ya mata suka fara tasawa suka koma Houston ko Maryland inda za a san asalinsu, kuma ban ga laifinsu ba. Mai tsohuwa a gida ma gara ya zauna inda za ta sami abokiyar hira. Mu mun zaɓi lafiyar jiki da fitar yara, muna cike giɓin da malamin Kano da ke yi musu karatu ta waya da kuma zuwa gida in hali ya yi.

Shi kuwa autanka da ka ce yana ta maganar barin Houston, ba shi da mata ba shi da ɗa, aikinsa a kwamfuta yake, babu abin da zai ɓata in ya gwada. Ka ce masa ya fara zuwa asibiti ya tabbatar da jininsa, domin na tuna akwai sikila a ɗakin mahaifiyarsa. In AA ne, ya zo a Fabrairu ko Maris ya sauka wurinmu, ɗakin baƙi na nan. Kada ya saki gidansa na can sai ya ga yadda numfashinsa da aljihunsa suka yi da garin. A gaida su Inna da duk mutanen gida.